Yadda za ka zaɓi gora da kofi mai murfi don tafiyar ƙafa a ƙasar Sakkwato

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ko a gorar zinariya ka zuba ta ko a ledar fiya-wata. Wannan nauyin ba ka da yadda za ka yi da shi. Abin da ke hannunka shi ne nauyin mazubin, da kuma ko murfinsa zai riƙe abin da ka zuba har ka isa inda za ka. Maganar ta fi shafar mu da ke tafiya a ƙasar Sakkwato fiye da Baturen da ke hawan duwatsun ƙasarsu, wanda duk bayan ɗan taƙi zai tarar da ƙorama ya cika gorarsa. Mu nan daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai digiri 40 har ya wuce, rijiyar da kake sa ran samu a gaba kuma tana iya zama ta ƙafe, ko ka same ta da ruwa amma babu guga.

Tafiyata ba ta masu nisan zango ba ce. Nakan goya jaka in bi bakin fadamar Rima daga Kwalkwalawa in yi wajen Dundaye, wani lokaci in zarce Wamakko, wani lokaci mu haɗu da abokai mu nufi tafkin Kware mu kwana can. Da can har Wurno mukan kai, mu ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, amma halin tsaron gabashin jihar ya sa yanzu sai an tambaya an sake tambaya kafin a sa ƙafa. Da irin wannan tafiyar nake auna kowace gora. Shawarata a taƙaice ita ce ka daina neman mazubi guda da zai yi maka komai. Wanda zai ɗauki ruwa daban, wanda za ka ɗora a wuta ka sha shayi daban.

Fara da lissafin ruwan

Mai tafiya da kaya a baya cikin zafin bazara yana iya shan rabin lita zuwa lita guda a kowace awa. Idan ka fita bayan sallar Asuba ka yi tafiya har hantsi ya dubi ludayi, lita 3 ta tafi. Ga alwala, ga shayin dare. Ni ba na fita da ƙasa da lita 4 da rabi idan ban tabbata da ruwan hanya ba.

To raba wannan ruwan a mazubai daban-daban ka ga abin da zai faru. Gorar ruwan sayarwa mai lita 1 da rabi, irin ta Eva ko Swan, idan babu komai a ciki ba ta kai giram 40 ba. Guda uku sun kwashe ruwanka kaf, nauyinsu duka bai wuce giram 120 ba. Gorar Nalgene mai faɗin baki, wadda matafiyan Amurka suka yi wa suna, lita ɗaya take ci, nauyinta wajen giram 180. Guda huɗu sun haura giram 700, kuma da sauran ruwa a ƙasa. Ta silba mai bango ɗaya takan kai giram 200 zuwa 300 a kan kowace lita. Fulas mai lita ɗaya kuwa rabin kilo ne ko kusa da haka. Wanda ya ce a fulas zai ɗauki ruwansa duka, kilo biyu na ƙarfe zalla zai goya, nauyin da ya isa ya zama ƙarin lita biyu na ruwan da zai ceci ransa.

An ce araha ba ta ado. A wannan fagen kam ba ado muke nema ba, kuma gorar da ta fi kowace araha ita ce ta fi kowace sauƙin ɗauka.

Kada ka yarda da nauyin da aka rubuta a kwali, balle wanda hannunka ya ƙiyasta. Hannu ba ya bambance giram 150 da 250. Ka ari ɗan sikelin kicin mai batir, irin wanda masu yin kek ke auna fulawa da shi, ka ɗora gorar da murfinta da igiyarta da komai. Sau da yawa murfin kaɗai, idan mai ɓalli da mariƙi ne, ya fi gorar roba guda nauyi.

Robar da aka yi ta da ita

Juya gindin gora za ka ga ɗan alwatika da lamba a ciki. A 1988 aka fito da wannan tsarin a Amurka don masu tara shara su iya ware robobi, amma mu ma yana mana amfani.

Lamba 1 ita ce PET, robar ruwan sayarwa da lemo. Ba nauyi, kana ganin ruwanka, kana ganin dattinsa. Matsalarta zafi: da ruwa ya kai wajen digiri 70 za ta fara lanƙwashewa, saboda haka ba a zuba mata tafasasshen ruwa, ba a kuma barin ta cikin motar da aka kulle a rana. Tsakanin gorar ruwa da gorar lemo na fi son ta lemo. An yi ta ne don ta riƙe iskar gas, jikinta ya fi kauri, murfinta ya fi kamawa. Ka wanke ta sosai har ƙamshin lemon ya fita. Idan ta fara yin fari-fari a wurin lanƙwasa, ko cikinta ya dushe, ka canza ta, ai ba tsada gare ta ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sayen tsofaffin gorunan da yara ke tsintowa suna sayar wa masu kunu da zoɓo. Ba ka san bakin wa ta fito ba, ba ka san abin da aka taɓa zubawa ba. Sayi ruwan ko lemon da kanka, ka sha, ka ajiye gorar.

Lamba 2 ita ce HDPE, robar jarka, mai fari kamar madara. Ba ta fashewa da faɗuwa, ba ta tsoron ruwan ɗumi. Nalgene na da irinta mai lita ɗaya da ke wajen giram 110, kuma a ganina ta fi 'yar uwarta mai sheƙi, mai giram 180 ɗin nan, dacewa da mai tafiya. Lamba 5, PP, tana jure ruwan zafi, ita ake yin kofunan roba masu murfi da yawancin murafe da ita. Lamba 7 kuwa tarkace ce, duk robar da ba ta shiga sauran gidajen ba nan ake jefa ta. A ciki akwai Tritan mai kyau, akwai kuma tsohuwar roba mai sinadarin BPA da ake zargi da cutar da lafiya, wadda Nalgene ta daina yin gorunan sha da ita a 2008, Tarayyar Turai kuma ta hana yin bulumbotin jarirai da ita a 2011. Idan ka ga gora mai tauri da sheƙi a wurin 'yan gwanjo, lamba 7, babu wani rubutu da ya ce ba ta da BPA, wuce ta. Lamba 3 da 6 ba na sha ba ne a tafiya.

Jarkar da ta taɓa cin fetur, baƙin mai ko maganin feshi ba ta wankuwa, ko da omo buhu guda. A gonakin albasa na fadama za ka ga galan-galan na maganin ƙwari an mayar da su na ruwan sha. Idan an miƙo maka irin wannan, ka yi godiya ka ce kana da naka.

Akwai kuma gorar leda mai naɗewa, irin ta Platypus, mai cin lita 2 da nauyin da bai kai giram 40 ba. Ga wanda ruwansa ke ƙarewa yana son jaka ta rage cika, abu ne mai kyau. Sai dai ƙasarmu ƙasar ƙaya ce. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa da ƙarangiya ba su san tsadar kaya ba. Idan za ka ɗauke ta, cikin jaka za ta zauna, a naɗe da riga, kuma kada ta zama ita kaɗai ce ruwanka.

Murfi

Nan ne ake cin kasuwa ko a faɗi. Gora ba kasafai take fashewa ba, ta murfi ruwa ke tafiya, a hankali, cikin jaka, ya jiƙa maka garin kwaki da cajar waya, ba ka sani ba sai ka tsaya hutawa ka ji bayanka da sanyi.

Murfin murɗawa, wanda babu komai a jikinsa, shi ne na farko a wurina. Ba shi da sifirin, ba shi da maɓalli, ba abin da zai karye. Ka duba layukan da murfin ke bi idan ana murɗa shi: su zama masu kauri da zurfi, ya zagaya aƙalla sau ɗaya da rabi kafin ya tsaya cak. Wanda ka murɗa ya kama, ka ƙara ƙarfi kaɗan ya zarce ya sake sakewa, ya riga ya mutu tun a shago. Sai ka leƙa cikin murfin. Wasu suna da zoben roba mai laushi da ke danne bakin gorar, wasu kuma an ƙera musu ɗan leɓe a ciki wanda ke shiga bakin ya toshe, ba su buƙatar zobe. Na biyun ya fi kwanciyar hankali, don zobe yana tsufa, yana tsagewa da bushewar hunturu, yana kuma faɗuwa cikin yashi lokacin wanki. Idan mai zobe ne, ka zaƙulo zoben da tsinken sakace ka ja shi kaɗan. Ya miƙe ya dawo, lafiya. Ya yi tauri ko ya nuna tsaga, a'a.

Murfin da ake danna maɓalli ya ɓalle yana da daɗin sha a ofis. A cikin jaka kuwa, duk abin da ya danne maɓallin ya buɗe maka gora. In dole sai shi, nemi mai ɗan ƙarfen kullewa a kan maɓallin. Mai bakin da ake ja da haƙori, irin na 'yan ƙwallo, da mai bututun zuƙa, duka ba na ƙasar ƙura ba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ka rataya irin wannan a gefen jaka ka yi awa guda a hanyar Kware, sannan ka dubi bakin: ja-ja-ja da ƙura, kuma nan za ka sa bakinka. Cikin bututun kuma baƙin datti ke taruwa inda soso ba ya kaiwa. Umarnin da ya zo a hadisi na a rufe ƙorai a ɗaure bakin salka, wanda ya yi tafiya cikin hazon hunturu ya ga dalilinsa da idonsa. Murfin da nake so shi ne wanda ke rufe duk inda leɓe zai taɓa.

Faɗin baki kuma ya danganta da aikin. Mai faɗi, irin na milimita 63, hannu ko soso na shiga, ƙanƙara na shiga, ana dama abu a ciki, yana saurin cika a bakin famfon burtsatse. Amma gwada sha kana tafe, rabi a rigarka zai ƙare. Mai ƙaramin baki, milimita 28 irin na gorar lemo, ya fi daɗin sha da tsiyayawa, kuma a kansa ake ɗaura ƙananan matatan ruwa irin na Sawyer. A nan ka yi hattara, don gorunan ruwan sayarwa da yawa yanzu gajeren wuya gare su, matacin ba ya kama su. In kana da mataci, tafi da shi ka gwada a kan gorar kafin ka dogara da ita.

Ga wata dabara da ta rage mini ɗaukar buta. Ka sami murfin gorar lemo na biyu, ka ɗora allura a wuta, ka huda shi wuri uku ko huɗu. Lokacin salla sai ka cire murfin kirki ka ɗaura mai hujin, ka matsa gorar, ruwa na fita siriri. Da ƙasa da rabin lita za ka yi alwala cikakkiya, ka wanke kofi da sauran. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudun-nabi guda yake alwala, abin da bai kai lita ba, saboda haka ba wani sabon abu muka ƙirƙiro ba. Ka dai tuna ka mayar da murfin kirki kafin gorar ta koma jaka.

Gwaji a bakin shago

In za ka Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa neman gora, tafi da jakar da za ka goya, da ledar fiya-wata biyu, da takardar goge hannu. Mai shago zai ce maka, “Wallahi Alhaji wagga ba ta ɗiga, ta waje ta.” Ka ce masa, “Na yarda Malam, bari dai mu gani.” Yawancinsu ba sa hanawa in sun ga da gaske saye za ka yi.

Buɗe ta ka shinshina tukuna. Warin roba mai hawa kai, ko warin fenti, ba ya fita da wanki ɗaya, kuma cikin zafi ƙaruwa yake. Zuba ruwan, ledar nan rabin lita ce kowace, biyu su ne lita, nan take za ka gane ko litar da aka rubuta a jiki lita ce ta gaskiya. Rufe da ƙarfin da za ka iya da hannu mai gumi, kada ka ɗaure kamar mai ɗaure tayar mota. Goge jikin ya bushe. Juya ta kai ƙasa, ka girgiza da ƙarfi, in roba ce ka matsa cikinta da hannu biyu. Sai ka kwantar da ita a kan takardar, ka tsaya ku yi ciniki. Kwanciyar nan ita ce gwajin gaske, don murfi da yawa suna riƙewa a kife amma su yi gumi a kwance, kuma a kwance gora ke yini a jaka. Ɗigo ɗaya a takarda ya isa ka ajiye ta.

Bayan haka zura ta a aljihun gefen jakarka, ka goya, ka gwada zaro ta da hannu ɗaya ba tare da ka sauke jakar ba. Gorar da sai an sauke kaya ake shan ruwanta, mutum yakan yi ta jinkirta sha har kansa ya fara ciwo. Doguwa siririya ta fi gajera mai ƙiba zama a aljihu, amma in ta yi tsawo da yawa za ta zame duk lokacin da ka sunkuya.

In ta silba ce, leƙa ciki da fitilar waya. Ka nemi rubutun 18/8 ko 304 a gindi, alamar silba mai kyau ke nan, ka duba ko akwai tsatsa a layin walda. Mutane na gwadawa da maganaɗisu, kuma gaskiya ne in ya manne da ƙarfi ba 304 ba ce. Amma rashin mannewa ba shaida ba ce, don akwai silba mai araha da ita ma maganaɗisu ba ya kama ta. Sunan kamfani a jiki shi ma ba shaida ba ne, jabu sun yi yawa.

Cikin gorunanka lallai ɗaya ta zama lita ɗaya cif, ko ka yi mata alama a daidai lita. Ƙwayar tsarkake ruwa irin Aquatabs da adadin lita ake sa ta, a jira minti 30. Garin ORS, ruwan gishiri da sukari, galibi a lita ɗaya ake dama ƙunshi guda. Ranar da gudawa ko zafin rana ya kayar da wani a cikinku ba lokacin kintace ba ne.

Kofin da zai hau wuta

Abu na biyu shi ne kofi na ƙarfe mai bango ɗaya da murfinsa, mai cin mililita 500 zuwa 750. Ƙasa da haka ba ya isar dafa taliyar leda, sama da haka ya zama tukunya. Da shi za ka dafa shayi, ka dama koko, ka ɗebi ruwa a wurin da gora ba ta nutsewa, ka kuma tafasa ruwan da ba ka yarda da shi ba. Minti ɗaya yana tafasa sosai ya wadatar. Ƙarin lokacin da ake cewa a yi na masu hawan tsaunukan da suka haura mita 2,000 ne, Sakkwato kuwa ba ta kai mita 400 sama da teku ba.

Akwai wani amfanin da littattafan Turawa ba za su faɗa maka ba. A hanyarmu ba ka hana ruwa. Makiyayi zai tare ka, yaro mai kiwon awaki zai tare ka, tsoho a gindin bishiya zai ce, “Ɗana, ɗan sam mini in jiƙa maƙoshi.” Kofin ne zai raba bakin gorarka da bakunan jama'a. Lokacin zafi lokacin sanƙarau ne, wanda ke bin yawu da numfashi, kuma ba mu manta da ɓarnar da ya yi a Zamfara da Sakkwato a 2017 ba. Ka tsiyaya a kofi ka miƙa da hannun dama, ka ɗauraye bayan an sha. Ba wanda zai ji haushi, haka ma aka saba da moɗa a bakin randa.

Taitaniyam shi ne sarkin rashin nauyi, don ƙarfen kansa bai kai kashi 60 cikin 100 na nauyin silba ba, ga shi ana yin sa siriri. Kofin Toaks mai mililita 750 da murfinsa ɗan sama da giram 100 ne, kuma gorar Nalgene mai lita ɗaya tana zama cikinsa daram, ba ya cin wuri a jaka. Amma sai an yi odarsa ta intanet, kuɗinsa na sayen kofin silba da yawa, kuma saboda sirantarsa duk abin da ya fi ruwa kauri kamawa yake a gindi. Alminiyam ba nauyi, ba tsada, yana saurin ɗaukar zafi, sai dai tsami da kanwa suna cin sa, saboda haka kada zoɓo ko kunun tsamiya ko kunun kanwa su kwana a ciki. Ni na silba nake ɗauka, wanda na saya a kasuwa. Ya fi taitaniyam nauyi da 'yan giram, na sani, amma ina kankare shi da yashi, ina ɗora shi kan duwatsu uku da karan dawa, in ya ɓata kuma ba zan yi zaman makoki ba. Kofin tasa mai fenti bar shi a gida, nauyi gare shi, in ya ɓantare kuma tsatsa ta samu ƙofa.

Murfin kofi ba don hana zuba aka yi shi ba, kada ka zuba shayi ka jefa a jaka. Aikinsa ya sa ruwa saurin tafasa, ya hana toka da ƙuda da ƙura faɗawa. Ka zaɓi wanda ke zama cikin bakin kofin ba ya zamewa in an karkata, mai ɗan huji na fitar tururi, mai mariƙin ƙarfe ko katako, don na roba narkewa yake a wutar kara. Hannun kofin in mai naɗewa ne ya fi, amma ka cika kofin da ruwa ka ɗaga ka gani ko hannun na rawa. Bakin ƙarfe da ya sauko daga wuta yana ƙona leɓe tun shayin bai ƙona harshe ba, ka ba shi minti biyu.

Abu biyu ba sa hawa wuta ko da wasa: duk wani kofi ko gora mai bango biyu, da duk mazubin da aka ɗaure murfinsa. Iska ko tururin da ya rasa hanyar fita fasa ƙarfen yake. Gorar alminiyam ma ba ta hawa, don cikinta akwai shafen da wuta ke lalatawa.

Fulas fa? In kwana ɗaya ne cikin hunturu kuma kana son shayin Asuba ba tare da hura wuta ba, ɗauki ƙarami mai rabin lita, na ƙarfe ciki da waje. Mai gilashi a ciki na ɗakin amarya ne. Gwajinsa a zuba tafasasshen ruwa a rufe, bayan minti biyar a taɓa jikin. In ya yi zafi, iska ta shiga tsakanin bangayen, ya zama gora mai nauyin banza.

Fura, kunu da ruwan sanyi

Basakkwace ba ya tafiya ba fura, amma damammiyar fura da nono a rufaffiyar gora cikin zafin Afrilu ba ta kai Azahar lafiya. Tsami take ƙarawa, tana tara iska, gorar ta kumbura, ka buɗe ta feso maka a fuska, in ma ba ta tura murfin da kanta a cikin jaka ba. Kunun zaƙi da kunun aya sun fi ta saurin lalacewa. In ka ɗauka, ka shanye da hantsi, ka riƙa sassauta murfin lokaci-lokaci iska ta fita, kuma a gora mai faɗin baki wadda za ta wanku. Abin da ya fi shi ne ka ɗauki furar a dunƙule, da madarar gari da sukari a leda, ka dama a kofi in ka sauka. In ka yi sa'a ka gamu da masu tallan nono a hanya, shi ke nan. Gorar ruwa dai ta zauna ta ruwa, don robar da ta sha nono sau ɗaya ba ta mantawa.

Sanyin ruwa kuma ba sai da fulas ba. Salkar da Buzaye ke ratayawa a raƙumi tana tsattsafo da ɗan ruwa ta jikin fatar, iska na busar da shi, busarwar nan ce ke janye zafin na ciki. Haka randar ƙasa take aiki, haka direbobin manyan motoci ke yi in sun ɗinke jarka da buhun algarara sun jiƙa. Kai ma zura gorarka cikin tsohuwar safar auduga mai kauri, ka jiƙa safar, ka sa a aljihun jaka na raga inda iska ke bugawa. A rani, da iskar ta bushe ƙarau, za ka ji bambanci sosai. Da damina ba ta cika aiki ba, don iskar ta riga ta ƙoshi da laima. Ka jiƙa safar da ruwan rafi ko ragowar alwala, kada ka taɓa na sha. Sauran gorunan su zauna can cikin jaka kusa da bayanka, a tsaye, tufafi sun kewaye su. Baƙar gora a rana kuwa, ruwan wanka za ta ba ka.

Da ka dawo gida, kada ka jefa jaka a lungu da gorunan a rufe. Zuba ruwan ɗumi da ɗan sabulu da shinkafa ɗanya cokali guda a mai ƙaramin baki, ka girgiza, ƙwayoyin za su goge inda hannu ba ya kaiwa. Yashi na ƙarfe ne kawai, a roba karce yake bari, datti kuma a karce yake zama. Cire zoben murfi ka wanke ƙarƙashinsa da tsohon buroshin haƙori. In wari ya ƙi fita, matse lemon tsami a ruwa ka bar shi ya kwana a ciki. Kada ka jiƙa silba da bilic, yana cin ta. Kife su a buɗe har su bushe, ka ajiye murafen daban. Kafin fita ta gaba kuma ka jefa murfin gorar lemo guda biyu a ƙaramin aljihun jaka, ka naɗa salatif mai ƙarfi zagaye uku ko huɗu a jikin gora ɗaya, don toshe hujin ƙaya a hanya.